Mai Gadin Bango: Tamostat da Ɗan Haya a Sanyin Ingila

Wani dare a watan Nuwamba ɗan yayata, wanda bai fi wata biyu da sauka Shefild don karatu ba, ya kira ni muryarsa na rawa. "Kawu, abin nan na bango tun magariba na murɗa shi har 30, amma ɗakina kamar an kulle ni a firji. Ko ya mutu ne?" Na ce masa ya sa safa, ya haɗa shayi, sannan ya fita ya taɓa ƙarfen ɗumama ɗakin da ke falo ya gaya mini abin da ya ji. Amsarsa za mu zo gare ta.

Abin da yake nufi ɗan farin akwati ne da bai fi sabulun wanka girma ba, manne a bangon zaure ko falo, wani da kan murɗawa mai lambobi, wani da ɗan allo da maɓallai. Sunansa tamostat. Kusan duk wanda ya baro ƙasar zafi ya kama haya a Ingila sai ya yi masa fahimtar da yaron nan ya yi, wato ya ɗauke shi totur ɗin mota: ka taka sosai, zafi ya zo da gudu. Ni ma haka na yi a shekarata ta farko, kuma takardar kuɗin gas ce ta yi mini karatun da ban nema ba.

Tamostat mai gadi ne, kuma tambaya ɗaya tak ya iya: iskar da ke kusa da ni ta kai lambar da aka ba ni, ko ba ta kai ba? In ba ta kai ba, ya aika wa boila, wato tukunyar gas da ke dafa ruwan ɗumama gidan, cewa ta kunna. In ta kai, ya ce ta huta. Shi ke nan aikinsa. Boila ba ta ƙara wuta don ka sa 30 maimakon 20. Da saurin da za ta kai ɗaki digiri 20 da shi za ta kai, lambar da ka zaɓa wurin tsayawa kawai take nunawa. Wanda ya sa 30 ya sallami mai gadin ne kurum, domin gidan haya na Ingila a watan sanyi da wuya ya taɓa kai 30, saboda haka boila za ta yi ta ci har sai wani ya tashi ya kashe ta ko kuɗin mita ya ƙare. Akwai sababbin na'urori da ke rage wutar boila a hankali idan ɗaki ya kusa kai inda ake so, amma ko su ba sa saka wa mai gaggawa da komai.

Abin dariyar shi ne mun daɗe da sanin wannan na'ura a gida, suna ne kawai ba mu ba ta ba. Dutsen guga na lantarki da ke yin "ƙas" fitilarsa ta mutu, can kuma ta dawo, tamostat ne a cikinsa. Firji da ke ɗaukewa da daddare ya sake tashi, shi ne. Haka rimot ɗin na'urar sanyaya ɗaki da kowa a Kano ke dannawa zuwa 16 da zarar an kawo wuta, da tunanin sanyi zai fi saurin zuwa. Kuskuren ɗaya ne, mun dai juya shi ne da muka ƙetare teku. A tsofaffin tamostat, ƙarfe biyu ne mabambanta aka manne wuri guda. Zafi na sa ɗaya ya fi ɗaya miƙewa, sai su lanƙwashe su raba waya da waya. Wannan ne ƙarar "ƙas" ɗin. Na zamani suna da ɗan ma'aunin lantarki, amma da yawansu har yanzu suna yin ƙarar, kuma ita ce gwajin farko da ɗan haya zai yi: ɗaga lambar sama da ɗumin ɗakin, ka kasa kunne, ka duba ko alamar harshen wuta ta fito a allo.

Ko asalin na'urar ma labarin mai gadi ne. Warren Johnson malami ne a wata kwalejin horar da malamai a Whitewater, jihar Wiskonsin ta Amurka. Mai kula da ginin yakan zagaya azuzuwa yana duba ko sun yi zafi ko sanyi, sannan ya sauka ƙasa ya daidaita wutar. Johnson ya gaji da wannan shiga da fita, ya ƙera ma'aunin da zai buga ƙararrawa ya kira mutumin in ana bukatarsa, ya yi masa rajista a 1883. Daga baya aka cire mutumin daga tsakani, na'urar ta riƙa ba wuta umarni da kanta.

To amma a gidan Ingila mai gadin ba shi kaɗai yake ba, kuma nan ne yawancin ruɗani ke fitowa. Masu faɗa a ji uku ne, har da shi. Akwai agogon tsara lokaci, wanda ke cewa daga ƙarfe kaza zuwa kaza ne aka yarda a ɗumama gida. Wani yana jikin boila, wani an haɗa shi da tamostat a akwati ɗaya. In agogon nan ya ce yanzu lokacin hutu ne, ko ka murɗa tamostat har ya karye ba abin da zai motsa. Yawancinsu suna da maɓallin da ke ba ka awa ɗaya ta alfarma ko ya tsallake zuwa zango na gaba. Kuma tsofaffin ba sa gyara kansu idan aka mayar da agogon ƙasar baya da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Oktoba, ko aka ɗauke wuta na ɗan lokaci. Sai mutum ya ga ɗumi na zuwa yana barci, yana ɗaukewa daidai lokacin da ya tashi alwalar asuba, ya ɗauka aljanu ne.

Sai kuma lagireto. Wannan faffaɗan ƙarfen da ke ƙarƙashin taga ɗan'uwan lagireton mota ne: ruwan zafi ke zagayawa a cikinsa yana sakin zafinsa. A gindin yawancinsu akwai kan murɗawa mai lamba daga 1 zuwa 5, da alamar ƙanƙara. Shi ma tamostat ne, ƙarami, mai gadin ɗaki guda. Kamfanin Danfoss na Denmak ne ya fito da irinsa a 1943. Lambobin ba ƙarfin wuta ba ne, ɗumin ɗaki suke nufi. A galibinsu 3 na kusa da digiri 20, 2 kusa da 16, alamar ƙanƙara kuma tana nufin a bar ɗakin da sanyinsa, a dai hana ruwan bututu daskarewa. Wannan ƙaramin ba ya iya kunna boila. Abin da ya iya shi ne ya buɗe wa ruwan zafi ƙofa ko ya rufe.

Daga nan ne rigimar sarki biyu a gari ɗaya ke tasowa. A ce babban tamostat yana falo an sa shi a 21, amma wani mai tsimi ya mayar da kan lagireton falon zuwa 2. Lagireton zai rufe kansa da ɗakin ya kai 16, babban kuma yana nan yana jiran 21 da ba za ta zo ba, yana ta kiran boila. Ɗakunan kwana su zama tanda, mita na gudu. Shi ya sa ƙa'ida ita ce lagireton ɗakin da babban tamostat yake a bar shi a buɗe gaba ɗaya. Akasin haka ma na faruwa. In tamostat na kusa da kicin, ko rana na dukansa ta taga, ko irin na tafi-da-gidanka ne wani ya ajiye shi a kan talabijin, zai ji ɗumi ya sallami boila alhali sauran gidan na karkarwa. Bai yi ƙarya ba. Iskar da ke kusa da shi aka ce ya auna, ita ya auna.

Da yaron nan ya taɓa lagireton falo, hannunsa ya janye da sauri. Na sauran ɗakunan ma duk sun yi jau, har wani abokin zamansa ya buɗe taga a tsakiyar Nuwamba yana mita. Nasa ne kaɗai sanyi ƙalau daga sama har ƙasa, duk da kan yana kan 5. Wannan ciwo sananne ne. A ƙarƙashin kan robar akwai ɗan tsinken ƙarfe da ke shiga yana fita. In an bar kan a rufe tsawon bazara, tsinken kan maƙale a ƙasa. Na sa ya kwance zoben da ke riƙe da kan, da hannu, ba ruwan da zai zubo. Ya danna tsinken da bayan cokali sau da yawa har ya fara dawowa da kansa. Na ja masa kunne kada ya kama shi da filaya ya ja, don in ya zare shi gaba ɗaya, ana kukan targaɗe sai ga karaya. Bayan minti kaɗan ya ce, "Kawu, wallahi bututun ya fara ɗumi." Na ce to yanzu ya je ya mayar da na bango 20 kafin 'yan gidan su gane wanda ya dafa su.

Hannu a jikin lagireto na faɗin abubuwa da yawa. In ƙasansa da zafi samansa da sanyi, iska ce ta taru a ciki, kuma akwai ɗan makulli mai araha da ake buɗe ƙusar saman da shi kaɗan, iska ta fita da huci, da ruwa ya fara ɗiga a rufe. A kashe boila tukuna, a tara tsumma. In samansa da zafi tsakiyar ƙasansa da sanyi, laka da tsatsa ne suka kwanta, wannan kuwa aikin mai gyara ne da kuɗin mai gida.

In kuwa gidan ne gaba ɗaya ya yi tsit, a fara da abin kunya kafin abin tsoro. Batir. Tamostat maras waya yawanci da batir biyu ƙanana yake aiki, kuma kafin allonsa ya mutu yakan raunana har ya kasa isar da saƙo ga ɗan akwatin da ke karɓa kusa da boila. Na san mutanen da suka kwana biyu cikin bargo uku suna jiran injiniya, ya zo ya canza batir ya tafi. Sai mitar gas ta kati, irin wadda ake loda wa kuɗi a shago: in ta cinye, boila za ta tsaya ta nuna lambar matsala, kuma ko an loda sai an danna maɓallin sake tayar da ita. Sai makunnin wutar boilar da ke bango, wanda mai shara ko yaro kan kashe ba da sani ba. Bayan waɗannan a duba allurar matsin ruwa a fuskar boila. A irin boilar da ke ba da ruwan wanka nan take, allurar kan zauna tsakanin 1 da 1.5 idan tana sanyi. In ta faɗi ƙasa sosai, boila kan ƙi tashi don kare kanta. Ƙara ruwan ba wuya, amma a nemi iznin mai gida ko ejansa, kuma in allurar na faɗuwa kowane mako to akwai inda ke yoyo, ƙara ruwa rufa-rufa ce kawai.

Akwai kuma wata matsala da ke zuwa a daren da aka fi bukatar ɗumi. Tun 2005 dokar gini a Ingila ta sa kusan duk sabuwar boilar gas ta zama irin mai tatsar zafi daga hayaƙinta, kuma wannan aiki na haifar da ɗan ruwa da ke fita ta farin bututun roba zuwa magudana. In bututun ya bi ta waje, daren ƙanƙara na iya toshe shi, boila ta yi ta gurgura ta mutu. A sanyin ƙarshen Fabrairu da farkon Maris na 2018 gidaje da yawa haka suka wayi gari. Maganinsa ruwan ɗumi a buta, a zuba a jikin bututun daga waje. Ruwan ɗumi na ce, tafasasshe na iya fasa robar.

Nan hannun ɗan haya ya kamata ya tsaya, kuma ina faɗin haka da ƙarfi domin mu mutane ne masu son buɗe abu mu ga cikinsa. Murfin boila ba naka ba ne; aikin gas sai wanda ke da rajistar Gas Safe. Bayan tamostat na bango ma haka. Da yawa daga cikin bidiyon YouTube da ke nuna yadda ake cire shi a sa sabo cikin minti biyar daga Amurka suke, inda wayoyinsa kan ɗauki wuta mai rauni, bolt 24. A Ingila da yawansu wutar gida ce kai tsaye, bolt 230. Garin neman gira kada a rasa ido. Ko waɗannan masu haɗuwa da wayar hannu, irin su Nest da ya fito a 2011 da Hive da ya biyo baya, kada ka sa a gidan wani sai da izni a rubuce. In kuma ka tarar da shi a gidan, ka tabbatar an cire asusun wanda ya tashi, don ba abin mamaki ba ne tsarin lokutan wani da ya koma wani gari ya ci gaba da mulkin ɗakinka.

Doka a wannan fanni tana bayan ɗan haya fiye da yadda baƙo ke zato. Sashe na 11 na dokar mai gida da ɗan haya ta 1985 ya ɗora wa mai gida a Ingila gyara kayan ɗumama gida da na ruwan zafi, kuma ba wata yarjejeniyar haya da za ta sauke masa wannan nauyi. Dokokin gas na 1998 sun wajabta masa duba kayan gas kowace shekara, ya ba ka kwafin takardar. Sai dai nauyin gyara na hawa kansa ne daga lokacin da ya sami labari, shi ya sa kiran waya kaɗai bai isa ba. Rubuta saƙo, sa kwanan wata, ɗauki hoton lambar da boila ke nunawa. Mu da aka rene mu da kunya da "ba komai, Allah ya kai mu", wannan na yi mana nauyi, muna ganin kamar ƙara muka kai. A can kuwa rubutu shi ne gaisuwar farko. In an yi shiru, sashen lafiyar muhalli na ƙaramar hukuma na da ikon duba gida, kuma tsananin sanyi na cikin haɗurran da suke aunawa. Ƙungiyoyin Shelter da Citizens Advice na ba da shawara kyauta. Abin da ba na ba kowa shawara shi ne riƙe kuɗin haya don huce haushi. Wannan kan mayar da mai gaskiya mai bashi.

Wuri mafi sarƙaƙiya shi ne gidan da ɗalibai ko ma'aikata ke haya ɗaki-ɗaki, kuɗin gas na cikin kuɗin haya. Tun da farashin gas ya yi tashin gwauron zabi a 2022 bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren, masu gidaje da dama suka ƙara riƙe linzami: wani ya kulle tamostat a akwatin roba, wani ya riƙa juya shi daga wayarsa yana can gidansa. Ina fahimtar mai gidan da ya shigo ya tarar da lamba 30 da taga a buɗe. Amma wanda ba ya kwana a gida bai san sanyinsa ba, kuma tsarin da ya ɗauka kowa na fita ƙarfe takwas ya dawo ƙarfe shida ya manta da mai aikin dare a gidan kula da tsofaffi, wanda rana ce lokacin barcinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa digiri 18 a matsayin ɗumin da ya dace gida ya kai a lokacin sanyi, har fiye ga jarirai da tsofaffi da marasa lafiya. Ɗan ma'aunin ɗumi na ɗaki ba shi da tsada, kuma hotonsa yana nuna 13 da tsakar dare ya fi doguwar muhawara tasiri.

Wanda ke biyan gas da kansa kuma jarabarsa daban ce: ya kashe komai, ya toshe kowace kafa, ya shanya wanki a kan lagireto. Numfashi da girki da jiƙaƙƙen kaya duk tururi ne, kuma tururi in ya sami bango mai sanyi sai ya zama raɓa, raɓa ta zama baƙar fumfuna a bayan kabad da kusurwar taga. Awaab Ishak, yaro ɗan shekara biyu wanda iyayensa suka zo daga Sudan, ya rasu a Rochdale a Disambar 2020, kuma binciken kotu a 2022 ya tabbatar fumfunar gidansu ce ta lalata masa numfashi. Iyayen sun daɗe suna kai kuka, masu gidan suna ɗora laifi a kan yanayin rayuwarsu. Dokar da aka sa wa sunansa ta fara aiki a Oktoban 2025 a kan gidajen hukuma da na ƙungiyoyin gidaje. Ɗan haya ya yi nasa, ya bar ɗumi daidai gwargwado, ya buɗe taga bayan wanka da girki. In fumfuna ta ƙi tafiya duk da haka, ginin ne ke da ciwo, kada ya yarda a ce masa girkinsa ne.

Abu ɗaya kuma da ya shafe mu musamman. A gida, da hunturu ya kankama, kaskon garwashi a tsakar ɗaki al'ada ce, kuma ɗakunanmu na shan iska ta ko'ina, duk da haka ana samun waɗanda ke kwana ba su tashi ba. Gidan Ingila mai tagar gilashi biyu rufaffen tulu ne. Gawayi, ko murhun gashi, ko barin kan gas ɗin girki a kunne don jin ɗumi, duk suna iya tara iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, farkonta ciwon kai da jiri da barci. Tun Oktoban 2022 wajibi ne mai gida a Ingila ya sa ƙararrawar wannan iska a ɗakin da boila take. A danna maɓallinta ranar da aka tare a ji ko tana kuka. In kuma an ji warin gas, a buɗe tagogi, kada a taɓa makunnin wuta, a fita a kira 0800 111 999.

Yaron ya sake kirana a watan Afrilu, lokacin da suka kashe ɗumin gidan. Na ce ya bi ɗaki-ɗaki ya mayar da kan kowane lagireto zuwa 5 ya bar su haka har kaka, don tsinken nan kada ya sake maƙalewa. Ya ce zai yi, amma ba wannan ya sa ya kira ba. Akwai wani ɗan Folan a gidan da ke yawo da gajeren wando yana rantsuwa 17 ta ishi kowane ɗan Adam, shi kuma ƙasa da 23 ba ya iya karatu, duk hunturun a haka suka yi shi, wannan ya wuce ya rage, wancan ya wuce ya ƙara. Yanzu za su sabunta haya tare, yana so in gaya masa lambar da zai amince da ita. Na ce 20, ya kuma sayi rigar sanyi ta kirki. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kawu, 21 fa?"